Nonon Auta Ba Ya Shiga Shara

Mama Tela ta tsufa a kan keken ɗinki, kuma duk wanda ya taɓa kai mata yadi ya san ta da hali guda: ba ta aiken kaya. In ta gama ɗinki ta goge ta ninke, to ko mai kaya ya zo da ƙafarsa, ko ita ta rufe shago ta kai masa har ƙofar ɗaki. Ko 'ya'yan cikinta ba ta ba su su kai. In an yi mata magana sai ta ce hannun da ya karɓa shi ke mayarwa. Mutane suka yi dariya har suka gaji, suka bar ta da kayanta. To wannan hali ne ya kusa kai ta ƙasa a filin jirgin sama, ranar da ta ɗauko nonon Auta.

Auta ita ce 'yarta ta ƙarshe, mai gyaran injinan asibiti. Wurin aikinta suka tura ta wani ɗan gajeren horo a can wata uwa duniya, inda jirgi ke wuni cur a sama kafin ya kai. Tana da goyo, yaro ko zama bai fara ba, amma ta ce ai tafiyar ba ta da tsawo. Ta tatsi nono ta cika firiza, ta bar yaron wurin ubansa da gwaggonsa, ta tafi. Ana gobe za ta dawo santsi ya kwashe ta a matakalar masauki, ƙugu ya karye. Aka yi mata tiyata. Likita ya ce jirgi kam ta manta da shi tukuna, don zama wuri guda wuni ɗungurungum bayan irin wannan aiki na iya daskarar da jini a ƙafa, ya tafi huhu. A kai mata yaron kuma ba hali, ko fasfo ba a yi masa ba, balle biza.

A gida nonon firiza ya yi ta ja baya. Aka gwada wa yaro madarar gwangwani, ya amayar, jiki ya fashe da ƙuraje. Aka canza wata, ya kama gudawa. Likitan yara ya rubuta wata ta musamman. Wannan ba ta yi masa illa ba, amma ya datse baki ya kau da kai, sai dai a ɗura masa da cokali, rabi a ciki rabi a wuya. Kumatun nan suka fara zubewa. Mama Tela, wadda tun ran da aka haife shi take kiransa Maigida, ta ce, "Maigidana ya yi yaji, abincin wata ba ya ci." Tana faɗa tana dariya, amma in ta koma shago sai ta zauna keke a gabanta ƙafa ba ta motsi.

Ita aka samar wa biza ta je jinya. Ta tarar da Auta kwance ƙafa a miƙe, na'urar tatsa a ƙirji, tana tatsa tana hawaye. Likitoci sun tabbatar mata maganin da take sha yanzu ba ya taɓa nono, masu jinya kuma suka ba ta gefe guda a firizar ɗakin. Kullum sai a ƙara 'yan ledoji, a kwantar da su su daskare falan-falan kamar allo. Da aka bugo waya aka ce na gida ya kusa ƙarewa, Auta ta ce, "Mama, ni zan iya da kaina. Ki koma."

Aka sayo kula. Mama Tela ta duba ta sama da ƙasa ta ce wannan ba za ta riƙe sanyi wuni guda ba. Ta yanka bargon da ta zo da shi, ta ninka, ta ɗinka wa kular riga da hannu. Da safen tafiya, sai da mota ta tsaya a ƙofa sannan aka kwaso ledojin daga firiza, don kada a ɓata ko kaɗan daga sanyin. Ta jera su, ta cusa ƙanƙara a saƙo-saƙo, ta rufe, ta ɗinke bakin rigar gam, ta soke allurar a gefen ɗankwalinta.

"Mama," in ji Auta daga kan gado, "in kin je ki ba su kular su sa a ƙasan jirgi tare da akwati. Kada ki shiga da ita a hannu. Kin ji?"

"Na ji."

"Kin ji, ko za ki yi?"

"Ke dai ƙugu ne ya karye, baki yana nan lafiya lau."

Da ta isa filin jirgi layin masu ba da kaya ya kusa ƙarewa, ita ce kusan ta ƙarshe. Ta ɗora akwatinta a sikeli. Ma'aikacin ya manna masa lamba, ya danna wani abu, akwati ya tafi shi kaɗai, ya kutsa bayan wani labulen roba ya ɓace cikin duhu. Ba wanda ya karɓa, ba wanda ya ce na gani. Ta bi shi da ido har labulen ya daina kaɗawa.

"Wannan ma ki ɗora, Mama," in ji ma'aikacin, ya nuna kula.

Ta ƙara rungume ta. "Wannan a cinyata za ta zauna."

Ya duba girmanta, ya ga za ta shiga ma'ajiyar saman kujera, ya ɗaga kafaɗa ya miƙa mata tikiti da fasfo.

Layin bincike kuwa kamar na ranar rabon gado. Aka yi ta lanƙwasa tsakanin igiyoyi, a je a dawo, kowa na tura jakarsa da ƙafa. Hannunta ya yi tsami, ta mayar da kular ɗaya hannun, ba ta ajiye ta ƙasa ba. A gaba ta ga mutane suna cire takalmi da ɗamara da agogo suna zubawa a tire kamar masu shirin wanka. Kusa da na'urar haska kaya akwai wani ƙaton kwandon shara ya cika ya tumbatsa: gorunan ruwa, kwalaben turare, man shafawa, har da wata kwalbar zuma da ko buɗe ta ba a yi ba. Ta kalle shi, ta kau da kai. Ita ai ba ruwa ta ɗauko ba.

Kula ta shiga na'ura, ta fito ta wata hanya dabam da ta sauran kaya. Wata yarinya mai safar hannu shuɗiya ta ja ta gabanta.

"Ta wa ce wannan?"

"Tawa ce, 'yata."

Yarinyar ta juya ta tana neman inda ake buɗewa, ba ta samu ba. "Mama, ɗinke ta kika yi?"

"Aikina ke nan."

"Sai an buɗe."

Yarinyar ta ɗauko almakashi. Mama Tela ta ce a'a, ba haka ake yi ba, ta nuna mata zare guda, ta ce nan za ki yanka. Aka yanka, ta ja, ɗinkin ya warware tsaf. Murfi ya ɗago, sanyi ya taso kamar hayaƙi.

"Mene ne wannan?"

"Nono ne. Na 'yata. Jikana zan kai wa."

"Ina yaron?"

"Da yana nan zan wahalar da kaina da kula? Yana can inda za mu."

Yarinyar ta ɗaga leda guda, ta duba, ta mayar a hankali. Ta ce, "Mama, ki yi haƙuri. Duk abin da yake ruwa, in ya wuce mililita ɗari a mazubi guda, ba ya shiga jirgi a hannu. A nan wurin nono yana wucewa ne kawai in jaririn yana tare da fasinja."

"Wane ruwa? Ƙwanƙwasa ki ji. Dutse ne."

"Abin da zai narke, a wurinmu ruwa ne."

"Ke ma in an tsayar da ke a rana za ki yi gumi. Sai a hana ki hawa?"

Wani a baya ya yi dariya. Wani kuma, mai kwat da jakar hannu, takalminsa a tire yana tsaye da safa, ya ce, "Mama, ki taimaka mana, jirgi muke da shi."

Ta waiwaya ta dube shi daga safa har wuya. "Ni kuma kwalekwale nake jira?"

Yarinyar ta matsar da kular gefe don layi ya ci gaba, ta kira shugabansu. Mutum ne mai furfura a gemu, da oba-oba, 'yar rediyon magana, a kafaɗa, ka gan shi ka san ya daɗe yana jin kukan mutane a wurin nan. Ya saurare ta tsaf bai katse ta ba: ƙugun, tiyatar, ƙurajen, cokalin. Ta ciro waya ta nuna masa hoton Maigida. Ya duba, kuma ya duba da gaske.

"Allah ya ba shi lafiya," in ji shi. "Amma hoto ba fasinja ba ne, Mama."

"To kawo in sha guda a gabanka, ka ga ko zan faɗi."

"Ba ma sa mutane ɗanɗanawa. Ki koma inda kika ba da akwati, su sa miki ita a ƙasan jirgi. Can ba ruwanmu da yawanta." Ya yi magana a oba-oba, ya jira, aka amsa masa cikin ƙara. Ya girgiza kai. "Sun rufe karɓar kayan jirginku."

"To sai yaya?"

Idonsa ya je kan kwandon ya dawo.

Mama Tela ta bi idonsa da kallo. Ta tuna Auta da asuba, jingine da matashi, haƙora a cize don zafin ƙugu, tana riƙe da kwalba kada ɗigo ya zube. Ta mayar da murfin kular da kanta, ta danna shi har ya yi ƙas.

"Ɗana, ka sha nono?"

"Na sha, Mama."

"Da aka ce wa uwarka ta zuba naka a wancan kwandon, kusa da man kitso, me kake tsammani za ta ce?"

Ya yi ɗan murmushi. "Da ta zage ni har kakana. Amma ki ji nawa. Dokar nan ba don a ci zalinki aka yi ta ba. An taɓa samun masu ɓoye abin da ke tarwatsa jirgi a cikin kwalba, ka gan shi kamar abin sha. Jirgin da za ki hau zai wuni a kan teku, ba inda zai raɓa ya tsaya. Duk mutanen nan da kike gani, da ba su yarda mun leƙa kowace kwalba ba, ba wanda zai sa ƙafarsa ciki. In na buɗe miki yau don labarinki ya taɓa ni, gobe wani zai zo da labarin da ya fi naki."

"Na ji, kuma ban ce ƙarya kake ba. Kai ka tsare ƙofarka. Amma ni ba shan iska zan je yi a sama ba. Abin da ya sa zan hau jirgin ke nan a hannuna. In na zubar da shi in je in yi me? In nuna wa yaro tikiti?"

Ta ɗauki kularta, ta ja bargon ta lulluɓe, ta tafi kan bencin da ke gefen na'ura ta wajen masu shigowa, ta zauna, ta ɗora ta a cinya.

"Mama, nan ba wurin zama ba ne."

"An sa benci."

Ba ta yi ihu ba, ba ta tare hanya ba, ba ta taɓa kowa ba. Ya koma bakin aikinsa, yana waiwayenta jefi-jefi.

Tana zaune tana ji a jikinta sanyin yana tafiya. Buɗewar da aka yi ta ci wani abu daga ciki. Ta san laifin wa ne, ba sai an gaya mata ba, muryar Auta na nan a kunnenta. Amma sanin laifi bai sa ta ga dalilin da za ta ƙara wani a kai ba. Waya ta yi ƙara, surukinta ne. Ta ɗauka.

"Mama, kun shiga?"

"Muna dai hanya. Ya Maigida?"

"Ledar ƙarshe muka ba shi ɗazu. Gwaggonsa ta raba ta biyu."

"To. Ku dafa ruwa ku ajiye."

Ta kashe kafin ya ƙara tambaya.

Lasifika ta yi ta kiran jirginsu, ta koma kiran ƙarshe. Layin ya sirance. Can sai ga wata ma'aikaciyar kamfanin jirgin ta taho da sauri, dogon takalmi yana ƙwas-ƙwas, oba-oba a hannu, gumi ya ɓata mata hoda. Shugaban masu bincike ya nuna mata benci da haɓa, ya gaya mata abin da ake ciki a taƙaice.

"Mama, ke kaɗai muke jira. Kowa ya zauna. Don Allah ki bar kular nan ki taso."

"Ku tafi. Allah ya kiyaye hanya."

"Ba za ki je ba?"

"Ba tare da ita ba, a'a. Zan nemi mai shayi a nan ya ara mini firiza, in jira jirgin da zai ɗauke mu mu biyu."

"Wani jirgin sai jibi."

Jibi. Mama Tela ta tuna rabin ledar da ta rage a gida. Amma fuskarta ba ta nuna ba, ta gyara zaman bargo kawai.

Ma'aikaciyar ta dafe goshi. "Mama, ba ki san abin da za ki jawo ba. Akwatinki yana cikin jirgi. In ba ki shiga ba, jirgi ba ya tashi da kayan wanda ba ya ciki, doka ce. Sai an buɗe ƙasan jirgi, a yi ta sauke kaya ana neman naki cikin na jama'a. In muka rasa lokacin tashinmu sai mu bi layi daga baya. Akwai masu canjin jirgi a gaba, duk za su kwana a hanya."

Mama Tela ta ɗago kai a hankali. "Sake faɗa."

"Na ce sai an buɗe ƙasan jirgi..."

"Ashe yana buɗuwa."

"Dole ce za ta sa."

"To 'yata, zauna mu yi lissafin tela. Yanzu aka ce mini an rufe, ba a karɓar kaya. Ke kuma kin ce za a buɗe a fitar da nawa. Ƙofar da za ta buɗu a fitar, ba za ta buɗu a shigar ba? Wanne ya fi muku sauƙi, ku tona kayan mutum ɗari-ɗari kuna neman baƙin akwati cikin baƙaƙen akwatuna, ko ku ɗaga murfi ku tura wannan 'yar abar ku rufe?"

Ma'aikaciyar ta tsaya tana kallonta. Ta kalli shugaban masu bincike. Shi kuwa ya mai da hankali ga gemunsa, ya ce, "In ta ƙasa za ta bi, mu haskawa kawai za mu yi, kuma mun riga mun haska."

Ma'aikaciyar ta juya baya ta kama magana a oba-oba. Daga can aka amsa da faɗa, ita ma ta mayar da faɗa. Aka ce a tambayi wane, wane ya ce a tambayi matuƙi. Mama Tela ba ta jira ƙarshen gardamar ba. Ta zare allura daga ɗankwali, ta tsinto zaren da aka warware, ta lasa bakinsa ta zura, ta fara ɗinke rigar kula.

"Sun yarda," in ji ma'aikaciyar. "Kawo, Mama, kawo da sauri."

"Ban gama ba."

"Ga salatif, a naɗe kawai."

"Naɗa naki ta can, ni ina nan ta nan. A buɗe ba za ta tafi ba."

Haka aka yi, jirgi cike da mutane yana jira, tsohuwa na kan benci tana ɗinki. Yarinya mai safar hannu ta zo ta riƙe mata bakin bargon ba tare da an ce ta riƙe ba. Da ta kai ƙarshe ta ƙulla, ta ciza zaren. Aka manna wa kular lamba. Ma'aikaciyar ta miƙo hannu.

Nan fa hannun Mama Tela ya ƙi saki. Ta yi nasara, ta sani, amma nasarar ita ce ta ba da abin da ta rantse a ranta ba za ta bayar ba. Ta ga labulen robar nan a idonta, da duhun bayansa.

"Wa zai kai ta?"

"Masu lodi."

"Ba masu lodi na tambaya ba. Wa? Ina son in ga fuskarsa."

Ma'aikaciyar ta ɗaga ido sama kamar mai neman agaji, amma ta kira. Ba a jima ba wani ƙato ya fito ta wata ƙofar gefe, da riga mai ƙyalli da abin toshe kunne rataye a wuya. Ya dubi kular ya fashe da dariya.

"Kula da riga? Mama, ni ma a ɗinka mini mana."

"Kai ta lafiya tukuna, na riga na auna ka da ido. Ka ji, nonon jariri ne. Kada ka kifa ta, kada ka ɗora mata komai, kada ka bar ta a rana ko na ƙiftawar ido."

"A bakin ƙofa zan sa ta, in ɗaure. Ita za a fara saukewa."

Ta dube shi sosai, irin duban da take wa yadi kafin ta sa almakashi. Sannan ta ɗora kular a hannunsa, ta zare nata.

Aka wuce da ita ta na'ura a gurguje. Ta tsaya daidai kwandon sharar nan, ta zare allurar daga ɗankwali.

"Wannan ba a hana ba, Mama," in ji mai safar hannu.

"Na sani. Na ga kwandonku ba ya son a wuce shi hannu rabbana." Ta jefa ta ciki, ta bi bayan mai dogon takalmi.

Da ta shiga jirgi ido ya yi mata caa. Wasu suka duba agogo don ta gani. Ba ta sunkuyar da kai ba, ta bi tsakanin kujeru tana cewa sannunku da jira, sannunku. Mai kwat ɗin nan yana bakin hanya, ya ce, "Mama, kwalekwalen bai zo ba?"

"Ya zo, na ce ya wuce, ina da ku."

Jirgi ya tashi. Aka wuni ana tafiya, ƙasa ba ƙasa ba, sai farin gajimare da ruwa shuɗi har iyakar gani. Aka kawo abinci ta ɗan taɓa ta rufe. Cinyarta ta yi mata fayau, ba ta san inda za ta sa hannuwanta ba. Ta cire takalmi ta dafa tafin ƙafa a daɓen jirgin, ko za ta ji yanayin da ke ƙasa. Ta tare wata ma'aikaciyar jirgi ta tambaye ta can ƙasa zafi ne ko sanyi. Aka ce mata sanyi ne, sai ta ce Allah ya ƙara. Duk lokacin da jirgi ya yi gargada sai ta ga kular ta kife a ranta, ta tashi ta gyara, ta sake kifewa. Da aka turo keken abin sha, manyan goruna jere reras, ta karɓi kofi ta ce wa maƙwabciyarta, "Ashe ruwa na hawa jirgi, in nasu ne."

Rana ta yi ja suka sauka. A ɗakin karɓar kaya ta tsaya daf da inda akwatuna ke fitowa. Nata ya fito, ta ja shi gefe ko kallonsa ba ta yi ba. Jama'a suka yi ta ɗauka suna tafiya, har abin ya rage yana juyawa da wata jaka guda marar mai ita, sannan ya tsaya cik. Ta kama wani mai shara ta nuna masa 'yar takardar lambar, ta ce kula ce mai rigar bargo. Ya ce ai irin waɗannan ba ta nan suke fitowa ba, ya nuna mata wata ƙofa a lungu, inda ake ajiye kekunan yara da dogayen kaya. Tana can a ƙasa, a zaune daidai, ba a kife ba. Ta durƙusa ta shafa ɗinkin daga farko har ƙarshe. Ba wanda ya taɓa shi.

Surukinta na jira a waje da mota. Ya kai hannu zai karɓi kular, ta ce ɗauki akwati.

A gida ta tarar da gwaggon yaro tana zagaye falo da shi a kafaɗa, kukan ma ya daina fita sosai, sai ƙugi. Mama Tela ba ta ko zauna ba. Ta wuce kicin, ta yanke zare, ta ɗaga murfi. Na saman sun yi laushi, amma da sauran ƙanƙara a cikinsu. Na ƙasa kuwa suna nan kamar dutse. Ta ware masu laushin ta ce waɗannan za a fara ba shi, sauran a zuba a firiza yanzu-yanzu. Ta sa leda guda a kwanon ruwan ɗumi, ta juya ta har ta narke, ta zuba a kwalba, ta ɗiga a bayan hannunta.

Ta karɓi yaron. Ya yi sauƙi a hannu fiye da yadda ta bar shi. Ta kai masa kwalba, ya kau da kai, ya ture da ɗan hannunsa, don ya saba da abin da ake ɗura masa.

"Haba Maigida. Teku na tsallako da shi, ka ce ba ka so?"

Ta ɗiga masa ɗigo guda a leɓe. Ya yi shiru, ya motsa baki. Sai ya waiwayo da kansa ya cafke, ya kama zuƙa har yana sarƙewa, tana janyewa kaɗan yana bin ta.

Surukin ya kira Auta, ya kara wayar kusa da wuyan yaron. Sai ƙarar haɗiya kake ji. Daga can aka ji Auta tana jan hanci. Sannan ta ce, "Mama, ba a ba ki wahala a hanya ba?"

"Wace wahala? Ke dai ki ci abinci ki ci gaba da tatsa. Yadda mutumin nan yake ja, abin da na kawo ba zai daɗe ba. Ki sa a nemo wata kular."